Nishin Da Kaka Shizue Ta Ji

Akita, Japan

Yaya Ratih,

Ina gaishe ku. Yaya jikin Baba, ƙafar ta fara motsi? Ni ƙalau nake, ciwon bayan ma da sauƙi, ɗamara nake ɗaurawa.

Dokar gidan tsofaffin nan da nake aiki, mutum biyu ke ɗaga tsoho daga gado. Amma ma'aikata sun yi kaɗan, ni kaɗai nake fama. Akwai Kaka Shizue, wadda ko ruwa kika miƙa mata sai ta ba ki haƙuri. Ranar Talata ina ɗaga ta, nishi ya kuɓuce mini.

Ta ce, "'Yar nan, na yi miki nauyi ko?"

Na ce, "Ke da ba ki kai buhun shinkafa ba?"

Da la'asar fitsari ya matse ta, ta ƙi danna ƙararrawar kiranmu, ta sauko da kanta, ta faɗi. Ƙugunta ya karye. A ƙasa na same ta, tana tambayata yaya bayana.

Ki aiko mini man zafi, Allah ya saka miki. In za ki ɗaga Baba, ki lanƙwasa gwiwa, ki jawo shi jikinki. Ko bayanki zai tsage, Yaya, kada ki yi nishi ya ji.

Ƙanwarki,
Wulan