Tsanwakar Tashar Tsafe

Zuwa ga sanyin idona, hasken ranata, Sama'ila ado da kanka, mai shaddar da ba ta san gumi ba! Gaisuwa daga Mada zuwa bencin tashar Tsafe, don na san can takardar nan za ta same ka.

Ka tuna ranar da muka haɗu? Baba ya sa wa gona wuta bayan girbi, tsuntsuwar nan tsanwaka ta sauko daga kan wayar lantarki, shuɗiya shar, tana cafke farar da ke gudun hayaƙi. Kai ma hayaƙin ka biyo, a zatonka nama ake gasawa. Ba ka sami nama ba, ka same ni da tulu a ka. Wayyo ni! Tun ranar nake kiran ka tsanwakata, kana ta washe baki, har ka gano a waya cewa tsuntsuwar tana da 'yar'uwa mai shunayyar ƙirji a wata ƙasa, ka ɗinko riga kalarta.

To, masoyi, na zauna na karanci tsuntsuwar nan. Wuni take kan busasshen reshe tana jiran abinci ya gifta. Sheƙa ma ba ta saƙawa, kogon da wani ya fafe take shiga, yadda ka gaje ɗakin yayanka. In ta buɗe baki kuwa, sai ka rantse ƙofar langa-langa ake ja. Ranar da ka rera mini waƙa a zaure, akuyarmu sai da ta tsinke igiya. Namijin yakan cilla sama ya juyo yana alkafura don ya burge mace. Kai ma ka yi taka da babur ɗin aro a hanyar Gusau, Allah ya taƙaita abin a gwiwa. Duk da haka ina son ka, son da ke hana ni cin tuwo. Me na yi wa zuciyata ne haka?

Amma an ce in shaho ya doso kogonsu, namijin ba ya duban kyan gashinsa, kansa yake yi. To, ga shahonka nan tafe! Ranar Laraba Kawu Jibo zai zo garinku 'Yandoto binciken halinka, kafin a karɓi gaisuwar iyayenka, kuma shi tafin hannu yake duba kafin fuska. Na haɗa ka da Allah, sauko daga bencin nan! Gonar mahaifinka tana nan, ciyawa ta kai ƙugu. Riƙe fartanya ko kwana uku ne, ko bororo ya fito.

Na riga na ce wa Baba kai manomi ne. Tun da na yi wayo ban taɓa yi masa ƙarya ba sai a kanka, kuma ya yarda ko ɗago kai bai yi ba. Kada ka bari ya ɗago ya dube ni.

Taka yau da gobe, wadda ba ta da wani sai kai,
Wasila