Inda Zuma Ta Sauka

Maman Yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin sha yi mini dariya kan amyar da kafinta ya haɗa mini, wai sai dai ƙadangaru su tare a ciki. To, zuma ta shiga! Na shafa kakin zuma a bakin amyar yadda maƙwabcinmu mai gyaran agogo ya koya mini, na kafa ta a gindin gwaiba, na ajiye wa ƙudan ruwa a tsohon kwanonki. Har na sha harbi a kunne. Da kin gan shi, da kin ƙara dariya.

Mijinki,
Baban Yara

Maman Yara,

Ina gaishe ki, a duba mini Inna.

Hankalina ba a kwance yake ba. Rannan da rana tsaka ƙudan suka fito gaba ɗaya, suka tsallake katanga, suka dunƙule a ƙofar mai agogo. Ko ƙugi babu, tsit. Ya yi ta raha wai baƙi ya yi. Washegari bai tashi ba. Muna dawowa daga binne shi na same su a amya suna aikinsu.

Na ce ajali ne kawai. Sai suka sauka a rumfar mai wanki, saurayi lafiyayye, kafin yamma mota ta buge shi. Yanzu mutanen layi ba sa kallon idona, saman katangarmu suke kallo.

Naki,
Baban Yara

Maman Yara,

Da fatan kun tashi lafiya. Na ji daɗi da jikin Inna ya yi sauƙi, amma kada ki taho.

Da safen nan na yi hayaƙi, na buɗe amyar da niyyar kai ta daji. Ba ƙuda ko ɗaya, saƙar a bushe. Da na shigo ciki, sai ga su a ƙofar ɗakinmu, sun rufe ta tun daga sama har ƙasa.

Wallahi abin da ya fara zuwa bakina hamdala ce, don ni kaɗai ne a gidan. Ki riƙe yaran nan a can. Ki yafe mini, ni na yafe miki.

Mijinki mai ƙaunarki,
Baban Yara