Ku Cire Lambata Daga Janaretanku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ke kula da cibiyar ajiyar bayanai ta nan Jalingo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya kuma fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Hajiya Adama, ungozoma ce ni da na yi ritaya, ina zaune a unguwar Abbare. Yallaɓai, kai ba ka san ni ba, amma janaretan kamfaninka ya san ni sarai, yana ma jin maganata fiye da 'ya'yan da na haifa. Da gangan na ƙi ambatar sunan kamfanin da lambar wayata, domin ƙofar da zan yi magana a kanta har yau a buɗe take, ni kuwa ba zan yi wa ɓarawo kwatance ba. Na zo ofishinku da ƙafata ba sau ɗaya ba. Mai gadinku mutumin kirki ne, ya ba ni benci a inuwa har da ruwan sanyi, amma kullum amsar ɗaya ce, wai kana kan tafiya. Shi ya sa na ce bari in faɗa a bainar jama'a, wataƙila ta riske ka a hanya.

Na farko, yadda na gaji wannan lamba.

Kafin azumin da ya wuce wayata ta ɓace a kasuwa. Na sayi wata, na sayi sabon layi, aka ɗauki hotona, na dangwala yatsa, komai bisa ƙa'ida. Ban kwana biyu da shi ba saƙonni suka fara shigowa da Turanci. Wani ya ce an ɗauke wuta, inji ya tashi. Wani ya ce mai ya yi ƙasa a tanki. Wanda ya fi yawa shi ne mai cewa zafi ya hau a ɗaki na biyu. Ni da na ƙare ƙuruciyata a ɗakin haihuwa, na ɗauka wani asibiti ne ya yi kuskuren lamba, har nakan ce Allah ya ba na ɗaki na biyu lafiya, wannan zazzaɓi nasa ya ƙi sauka. Ina cikin salla waya ta yi ƙara, ina tuƙa tuwo ta yi ƙara. In na kira lambar da ke turo saƙon, ba mai ɗauka.

Na biyu, ranar da na nemi a ƙyale ni.

Maƙwabciyata Maman Rahila ce ta ba ni shawara, kuma da kyakkyawar niyya ta bayar. Ta ce ai irin tallan nan ne na kamfanonin waya, in mutum ya gaji sai ya mayar musu da kalmar STOP, shi ke nan su daina. Rannan da hantsi saƙo ya shigo cewa an ɗauke wuta, inji ya tashi. Na ɗauki tabarau na rubuta STOP na aika. Nan take amsa ta dawo cewa an tsayar da inji. Na ce alhamdu lillahi, ashe abin ma da sauƙi, na ɗauka injin da ke turo saƙonnin ake nufi.

Ban gama murna ba sai ga wani, wai inji ya sake tashi. Na ce yau ga taurin kai, na sake aikawa. Ya tsaya. Can ya tashi, na kuma aikawa. Daga nan saƙonni suka yi ta zubowa, batir yana ƙarewa, zafi ya hau a ɗaki na ɗaya, ya hau a na biyu. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina gyaran gyaɗa, duk wanda ya shigo in mayar masa da martani. Sai daga baya na ji cewa a daidai lokacin ma'aikatanka suna can bayan gini cikin rana, gumi har duga-dugai, su tayar da janareta da hannu, ni in kashe shi daga Abbare, babu wanda ya san da wani a cikinmu. Har baturan suka ƙare, kwamfutocin cibiyar suka mutu ɗungurungum.

Na uku, kuma nan ne ba dariya.

A wannan rana matar ɗana, Hadiza, tana asibiti wajen awo da tsohon ciki. Ta yi fama da hawan jini a cikinta na baya, kuma rannan da aka auna ta aka ga ya ɗan hau. Asibitin ya daina amfani da katin takarda, komai yana kwamfuta. Likita yana son ya ga maganin da aka ɗora ta a kai da sakamakon gwajin da aka yi mata a baya, allo ya ƙi buɗewa. Haka ita da sauran mata suka zauna a benci tun safe, sai bayan la'asar ta dawo gida ƙafafu a kumbure. Ta ce mini, "Dada, yau kwamfuta ce ta ƙi mu, wai can inda ake ajiye bayananmu ne wuta ta mutu." Raina ya ɓaci, na ɗaga hannu na yi Allah ya isa ga duk wanda ya jawo wa mata masu ciki wannan wahala.

Yallaɓai, na san abin da hawan jini yake yi wa mace a watan haihuwarta, na gani da idona sau da yawa a bakin aiki. Yini ɗaya na jira yana iya raba uwa da ɗanta. Allah ya kiyaye, Hadiza ta sauka lafiya, mun samu 'ya mace mai ƙiba da ƙarfin murya. Sauran matan da suka zauna a bencin nan ban san yadda kowacce ta ƙare ba, ina dai yi musu fatan alheri. Da na gane cewa asibitin a cibiyarku yake ajiya, kuma babban yatsana ne ya kashe wutar, sai na yi maza na janye Allah ya isan nan. Tana hannuna har yanzu, ban yanke shawarar inda zan ajiye ta ba.

Na huɗu, baƙin da ka turo mini.

Kwana kaɗan bayan haka mota ta tsaya a ƙofar gidana. Mutum biyu suka sauko: shugaban masu tsaron kamfaninku, da wani Injiniya Bulus. Sun bi sawun lambar da ta riƙa ba janareta umarni ne har suka gano ni. Shugaban tsaron bai ko yi sallama da kyau ba, a gaban maƙwabta ya ɗaga murya ya ce, "Ke ce 'yar kutsen da ke kashe mana inji daga nesa? Wa ya aiko ki?" Na ce masa ɗana, shigo daga ciki, ba a tuhumar tsohuwa a tsaye. Na shimfiɗa musu tabarma, na dama fura, na miƙa musu wayar.

Injiniya Bulus ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan jerin STOP ɗina, sai ya ajiye ludayi ya yi dariya har da hawaye. Da ya nutsu ya yi mini bayani yadda zan gane. Ashe layin nan na wani injiniyanku ne da ya bar aiki tuntuni. Ya daina amfani da shi, kamfanin waya ya sake sayarwa, ya faɗo hannuna. A jikin janaretan akwai wani ɗan akwati mai layin waya, an rubuta masa lambobin da zai riƙa kai wa rahoto, kuma duk abin da waɗannan lambobi suka umarce shi yi yake, ba ya tambayar lambar sirri, ba ya tambayar waye. Mutumin ya tafi, ba wanda ya tuna ya goge lambarsa. Bayan wannan, na'urorin da ke lura da batura da masu sanyaya ɗakuna duk an jona su da intanet don a riƙa duba su daga nesa, kuma lambar shiga da suke turowa idan an manta kalmar sirri, ita ma wayata take zuwa.

Na tambaye shi, to me ya hana a goge yau? Ya ce ɗan kwangilar da ya kafa akwatin yana wani gari, shi ke da ikon canza lambobin, kuma ba zai zo ba sai da sa hannunka. Na ce to in jefar da layin in huta. Ya roƙe ni don Allah kada in yi, domin in ya mutu za a sake sayar wa wani, kuma ba a san hannun da zai faɗa ba. Ina shaida cewa wannan bawan Allah ya yi iya nasa, kada a ɗora masa laifi. Shugaban tsaron kuwa ya shanye furarsa tas, ya tashi bai ce mini yi haƙuri ba.

Tun daga ranar sunana ya canza a unguwa, na koma Hajiya Kutse. In an ɗauke wuta, mai shagon bakin layinmu sai ya leƙo ya ce, "Hajiya, a taimaka a danna mana ta dawo, ƙanƙara tana narkewa." A wajen suna mata suna matsa mini wuri, wai kada su ɓata mini rai in kashe musu firji. Ina dariya tare da su, amma mutuncin da na tara a ɗakin haihuwa ba da wannan suna na so a tuna ni ba.

Na biyar, wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

A makon jiya wani ya kira ni, murya mai daɗi, gaisuwa har da tambayar jikoki. Ya ce daga kamfaninku yake, an ba shi aikin cire lambata, yanzu wasu lambobi za su shigo wayata, in karanto masa shi ke nan na huta. Kafin ya rufe baki kuwa sai ga su sun shigo. Wallahi na ji daɗi, har na gyara tabarau. Sai na ce masa ya dakata in kira Injiniya Bulus in yi masa godiya tukuna, tun da shi ya yi ta fama. Ban ƙarasa ba ya kashe waya. Da na kira Injiniya na faɗa masa, sai ya ce ba su aiko kowa ba, kada in kuskura in karanta wa kowa komai.

Ka ga ke nan wani ya riga ya san inda makullin yake. Ni na kashe muku inji ina gyaran gyaɗa, ban san ina yi ba. Wanda ya sani kuma yake nema, me kake jin zai yi? Yanzu tsaron bayanan asibiti da na duk wanda ya ba ku amana ya rataya ne a kan wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda takan manta wayarta a kan buhun masara.

Saboda haka ga buƙatuna, kuma ba su da nauyi.

Ka sa hannu ɗan kwangilar nan ya zo ya cire lambata daga janareta da duk wata na'ura taku, a kuma sanar da ni ta bakin Injiniya Bulus, don shi na sani. In ya zo, a duba sauran lambobin da ke ciki, domin ba mamaki akwai wani mai sayar da doya a wani gari da shi ma yake samun labarin ɗaki na biyu. A koya wa akwatin nan ya riƙa tambayar lambar sirri kafin ya yi biyayya. Duk ma'aikacin da ya bar aiki, ranar da ya miƙa makullin ofis a goge lambarsa. A binciki wanda ya kira ni, lambarsa tana nan na adana. A kuma gaya wa asibitin gaskiyar abin da ya faru, su tanadi abin da za su yi wa mata in allo ya sake ƙin buɗewa.

Ta ƙarshe tawa ce ni kaɗai. Shugaban tsaronku ya dawo ƙofar gidan da ya kira ni 'yar kutse, ya janye maganarsa a gaban mutanen da suka ji. Ba na riƙe da shi a zuci, ɗan cikina ne a shekaru, kuma in ya zo zai tarar da fura.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci kamfaninka, ya tsare shi daga sharrin na nesa da na kusa, ya dawo da kai gida lafiya daga wannan doguwar tafiya. Useko, in ji Fulani, na gode da haƙurin karantawa.

Sai dai ina ba ka shawara a hanzarta. Ƙarshen watan nan zan tafi garin Mutum Biyu bikin 'yar ƙanwata, kuma ka san a gidan biki waya ba ta da mai ita. Wannan ta ara ta kira mijinta, waccan ta karɓa ta ɗauki hoton amarya, wata ta haska tukunya da ita, sai dare ya yi ake cigiyar mai waya. Ni dai na yi alkawarin ba zan taɓa janaretanku ba. Amma dangina mata ne masu yawa, kuma ban isa in yi alkawari a madadinsu ba.

Wassalam.

Taku a kullum,
Hajiya Adama,
Ungozoma mai ritaya,
Abbare, Jalingo.