Ɗigon Da Na Goge A Fiffike

Zuwa ga aminiyata Mai Keke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ta fi ki surutu. Yaya yara, yaya ɗinki, yaya idon zura zare a allura? Wasiƙarki ta ta'aziyya ta iso, na karanta sau biyu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Kin tambaye ni yadda nake. Ina ci, ina sha, ina barci kamar wadda aka sa. Ban yi kuka ba. Mako biyar ke nan da aka kira mu cewa yaron nan ya faɗi a wurin aiki, zuciya ta tsaya, kuma har yau in na laluba ƙirjina sai in ji shi kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kai. Kin san ni, ko akuyar maƙwabta ce ta mutu sai na fi masu ita hawaye. To ga ɗan da na haifa ya tafi, ido a bushe.

Na dawo wajen 'yarsa, Injiniya, ɗaki biyu da falo a hawa na uku. Ita ma haka take. A da, in ta shigo sai in ce ga mai digiri a iska, abin da duk zuriyarmu ba a taɓa samu ba, ita kuma ta ce ai gado ta yi wajen kakarta. Yanzu daga sannu sai yauwa. Ni goge-goge na sa a gaba. Na goge murfin tukunya har ina ganin giɓina a ciki, na goge ƙasan kujeru, na goge abin da na goge jiya.

Tana tsoron barina ni kaɗai, don haka take tafiya da ni wurin aiki, inda ubanta ma ya yi shekara ashirin da biyu. Dogon gini ne, a cikinsa wani bututu da ƙaramar mota za ta iya shiga, da fanka a ƙarshe wadda ta fi ƙofar gareji. Ramin iska suke ce masa. Ana kafa guntun fiffiken jirgin sama a ciki, a saki iska a kansa, a riƙa leƙe ta gilashi. Uban shi ne mai gyaran fiffiken, ya goge ƙarfe har ya zama madubi. 'Yar ita ce mai lissafi.

Ta yi min bayani, don kada shiru ya kashe mu. Ta ce fiffiken manyan jirage ba a miƙe yake ba, ya karkata baya kamar na tsattsewa. Saboda karkatar nan, iskar da ke shafar jikinsa ba ta tafiya sak: ta ƙasa-ƙasa tana zamewa gefe, ta samanta tana wucewa abinta. Na ce ai wannan yankan karkace ne, in Mai Keke ta yanka yadi haka, zare ɗaya ya kubce sai ya ja 'yan'uwansa. Ta ce kusan haka. Ɗan ƙurji a bakin fiffiken, wanda bai kai kaurin gashi ba, ko ƙwaron da ya mutu a wurin, ya isa ya sa iskar ta fara murɗewa. Murɗin ya yi ta girma yana tafiya baya har ya fashe, iskar ta hargitse, ta riƙa riƙe jirgin, shi kuma ya yi ta shan mai. Shekara uku tana neman yadda za a jinkirta hargitsin nan. Ranar Litinin za a ba ta ramin na kwana biyar. Layi ake bi, in ya wuce ta sai baɗi.

Ni dai da ɗan bokon da muka yi da ke, abu ɗaya na kama: datti shi ne abokin gaba. To wannan fannina ne.

Ki gaida mutanen gida. Ki rage zama a kan keken nan.

Taki har kullum,
Mai Baki

*

Zuwa ga Mai Keke,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufinki. Yau ba zan tsokani gwiwarki ba, don na yi abin da ya fi ta ciwo. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Ranar Litinin da safe muka shiga ɗakin da ake ajiye fiffiken. Injiniya ta yaye mayafin da aka rufe shi da shi, sai ga saƙo cewa Farfesa, shugaban sashensu, yana nemanta ta sa hannu a takardar kwashe kayan ubanta daga kabad. Ta ce in zauna, ba za ta daɗe ba.

Na zauna, na gaji da zama, na matsa kusa. Na ga fuskata a jikin ƙarfen, ta yi tsawo kamar ta doki. Na ce lalle hannun yaron nan ne. Sai fitilar da ke gefe ta haska min wasu 'yan ɗigo-ɗigo a jere a bakin fiffiken, ƙanana kamar kashin ƙuda. Na gyara tabarau. Na ce a raina, mako biyar kacal ba ya nan, har ƙudaje sun raina shi. Na ciro hankici, na jiƙa da yawu, inda ya ƙi fita na sa farce. Na goge wajen faɗin tafi biyu, tas. Da na ji takunta sai na cusa hankicin a jaka, wai so nake in ƙarasa sauran daga baya in ba ta mamaki. Ban samu dama ba. Mutum huɗu suka zo da safar hannu suka ɗauke shi zuwa ramin. Babu wanda ya duba, don aikin baban Injiniya ba a dubawa.

Jiya Talata aka gwada. Suna fesa wa fiffiken wani farin abu mai warin kafur, sannan a kunna fanka. Inda iska ke tafiya lafiya, farin yana zama. Inda ta hargitse, sai ta lashe shi. Na leƙa ta gilashi tare da su. Dama da hagu farin ya zauna har can baya, an ja masa layi-layi kamar kitso. Amma a tsakiya iskar ta cinye shi tun daga gaba, ta bar giɓi kamar haƙoran zarto. Faɗin tafi biyu.

Injiniya ta sa aka kashe fanka, ta shiga da madubin ƙara girma. Ta daɗe. Da ta fito tana yi wa Farfesa bayani, a nan na ji rabin karatun da ban samu ba. Ashe ɗigon nan da gangan aka sa su. Iskar tana da tazarar da take son murɗewa a kai, wadda ke girma ta fashe. In aka jera ɗigo a tazarar da ta fi waccan matsewa, sai a haifar da ƙananan murɗi da ba sa girma, su tare wurin, su hana manyan samun gindin zama. Kamar allurar rigakafi dai. Wannan shi ne aikinta na shekara uku. Ubanta ne ya liƙa su ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, da safiyar ranar da ya faɗi. Ƙaramin sani ƙuƙumi, aminiya.

A mota muna dawowa ta yi magana, idonta a kan titi, muryarta kamar mai karanta sanarwa.

"Kaka, Baba bai taɓa tsallake ɗigo ba. Ashe tun da safe ba shi da lafiya, ni kuma ina tsaye a kansa ina cewa ya yi sauri."

Jakar tana kan cinyata. Bakin nan da kika sani, wanda ya hana malamin ajinmu sakat, ya ƙi buɗuwa. Ba tsoro na ji ba, ba kunya ba. Ban ji komai ba, na dai lura cewa gilashin motar yana son a goge.

Yau Laraba ta tafi da niyyar mayar da ɗigon. Ta ajiye akwatin kayan aikinsa a gabanta, ta zauna tana kallonsa tun safe har aka tashi, ba ta buɗe ba. Fanka ba ta juya ba. Saura kwana biyu. Yarinyar nan tana ɗauke da mutuwar ubanta a kanta, alhali abin yana cikin jakata a ninke.

Ki sa ni a addu'a, ko da za ki haɗa da zagi.

Taki,
Mai Baki

*

Zuwa ga aminiyata Mai Keke,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Na san amsarki tana hanya, kuma na san abin da ke ciki, don haka ki huta, na riga na yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar Alhamis da safe ta zuba shayi ta zauna ba ta sha ba. Na shimfiɗa hankicin a kan tebur kusa da kofinta. Na gaya mata komai daga yawu har farce, ban ƙawata ba, kuma kin san wannan ne karo na farko da na ba da labari ban sa masa gishiri ba. Ta tashi ta ɗauko madubin ƙara girma daga jakarta, ta sunkuya a kan hankicin. Suna nan maƙale a cikin saƙar, wasu sun murƙushe. Ta riƙa nuna su da bakin fensir tana ƙirgawa. Ta samu ashirin da bakwai. Ta ce giɓin na talatin da ɗaya ne. Na ce sauran huɗun ta nema a ƙarƙashin farcena.

Ta ɗago ta dube ni.

"Ke nan ya gama aikinsa."

"Ya gama tsaf," na ce. "Ni ce na ɓata."

Na so ta yi min ihu, ko ta fasa kofi, in samu abin sharewa. Ba ta yi ba. Ta zauna hannunta a kan hankicin har shayin ya huce. Sannan ta shanye shi a hakan, ta ce in sa takalmi.

Da muka isa ta buɗe akwatin ba tare da ta tsaya kallonsa ba. Ta ɗauki hantsakinsa, wanda ya naɗa wa jan zare a gindi don kada a ɗauke masa. Muka shiga cikin ramin, ni da ita, aka ɗora ni a kan kujera. Ta sa min safar hannu, ta miƙo min fitila, ta ce in riƙe da hannu biyu. Na ce ai ba ta da nauyi. Ta ce ta sani, so take kada ko ɗaya ya zama ba shi da aikin yi. Ba ta yi murmushi ba, ni ma ban yi ba, amma wannan ce tsokana ta farko da ta shiga tsakaninmu tun ranar rasuwar. Awa huɗu ta yi a kan ɗigo talatin da ɗaya. Ta ce shi da minti arba'in ya ishe shi, yana yi yana ba da labari.

Ranar Juma'a aka fesa farin, aka kunna fanka. Ya zauna daga wannan gefe zuwa wancan, har can baya. Sai dai a tsakiya, wajen nata ɗigon, wani ɗan haƙori guda ya leƙo gaba kaɗan. Farfesa ya ce wannan ba komai. Ita ta ce hannunta ne bai kai nasa ba, ta ɗauki hotonsa a hakan. Kwana biyu sun salwanta saboda ni, rabin awon da take so kawai ta samu. Ko zai isa ta kammala bana, ko sai baɗi, sai sun zauna sun duba. Na tambaye ta ko ta yafe min. Ta ce tukuna, sai ta gama lissafi.

Hankicin kuwa ta hana a wanke. Ta ninke shi ta sa a akwatin, kusa da hantsakin.

Har yanzu ban yi kuka ba, kada ki sa rai. Jiya aka kawo kwalin kayansa na kabad: rigar aiki, tabarau, da kofin shayinsa. Kin san yaron nan, zai goge ƙarfe har ya zama madubi amma ba zai ɗauraye kofi ba, tun yana ƙarami muke wannan faɗa. Shayin ƙarshe ya bushe a ciki, ya bar zobe. Na kai shi wurin wanke-wanke, na buɗe famfo, na ɗauki soso. Na tsaya ruwa yana ta zuba. Ƙafar nan da na ce miki an zauna a kai, sai na ji ta fara min kamar ana soka allura. Na rufe famfon, na ajiye soson. Kofin yana kan kanta yanzu, da zobensa, kuma na gaya wa Injiniya duk wadda ta taɓa shi za ta gamu da ni.

Ki gaida yara. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sada mu da alheri.

Taki ta tun ƙuruciya,
Mai Baki