Kwanakin Da Ƙararrawa Ta Yi Shiru

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya gajiyar hanya? Umma da Baba suna gaishe ka. Na kira wayarka har na gaji, matarka ta ce ƙauyen da kuke aiki babu sabis, shi ya sa na rubuta na ba direban motar magani da ke zagaya rassan asibitinmu.

Jiya Babban Likita ya tara mu ya ce an sallami kamfanin da ke ba mu intanet da tsaron kwamfutoci. Duk rassan za su koma hannun kamfaninku, kai ne kuma shugaban aikin. Sauran nas-nas sai taya ni murna suke yi. Na yi dariya tare da su, amma akwai abin da nake so in tambaye ka.

Ka san sashenmu na masu ciwon zuciya. Duk wanda aka dasa wa na'ura a ƙirji, kamar Baba, yana da ɗan akwati a gefen gadonsa. Akwatin ne yake karanta bugun zuciyarsa ya turo mana ta intanet. In abu ya ɓaci, sunan mutum ya yi ja a allon da ke kan teburina, ƙararrawa ta kaɗa, ni kuma in ɗauki waya. Mutanen nan sun koma gida sun saki jiki ne don an ce musu muna kallo. Ranar da za ku cire tsohon layi ku sa sabo, wa zai kalle su?

Ka yi haƙuri da tambayar jahila. Allah Ya ba da sa'a.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta sarkin tsoro,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a kan tsani, kaina cikin silin, ina bin wayar da ɓeraye suka mayar abin taunawa. Ina gaida Umma da Baba.

Har yanzu kina nan yadda na san ki, yarinyar da ba ta shiga ɗaki sai an riga ta an kunna fitila. Ki kwantar da hankalinki. Abin tsoro shi ne yadda kuke zaune yanzu. Tsohon kamfanin nan ya bar muku ƙofofi a buɗe ta ko'ina, ɓarawon intanet zai iya shiga ya kulle bayanan marasa lafiya gaba ɗaya, ku wayi gari ba ku san wa ke shan wane magani ba. Mu katanga za mu gina muku, ba mai shiga sai wanda muka san fuskarsa.

Sauya layin kuwa, kafin ki shanye kofin shayi an gama. Ranar Litinin abokan aikina za su zo reshenku. Ni ba zan samu zuwa ba, wannan reshen na ƙauye ya riƙe ni, ga ɗakin haihuwa a ciki, ba a barin irinsa rabi da rabi.

Ki ce wa Baba ɗansa ne zai riƙa gadin zuciyarsa daga yanzu, ya fara tanadin tukwici.

Naki,
Yaya

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan ka sauko daga silin lafiya.

Mutanenka sun zo, sun yi aikinsu, sun tafi. Gaskiya abin ya yi sauri. Hoton ƙirji da muke jira har mu manta mun nema, yanzu kafin ka ɗauke yatsa ya buɗe. Mai ajiye katin marasa lafiya sai sa maka albarka take yi.

Amma Yaya, tun ranar Litinin ƙararrawa ba ta kaɗa ba, yau ga shi Alhamis. Tunda na fara aiki a sashen nan ban taɓa ganin yini ya wuce ba ta yi ƙara ba. Akwai wani dattijo tela da zuciyarsa ke yawan tsalle, har tsokanarsa muke yi da cewa shi ya sayi ƙararrawar. Shi ma kore. Kowa kore, daga sama har ƙasa.

Na gaya wa Babban Likita. Ya leƙa allon ya ce, "Sista, Allah Ya ba mutane lafiya, ke kuma kina nema musu ciwo?" Na kira abokin aikinka, ya ce duk fitilun na'urarsu a kunne suke, babu matsala. Na rasa abin da zan nuna musu. Ina zaune ina ta kallon allon nan.

Na biya gida jiya. Baba yana ƙofar gida da rediyonsa, ya ce garau yake. Wataƙila tsoron nawa ne da ka sani. Amma don Allah ka duba.

Auta

*

Auta,

Salam. Ina rubutu a tsaye, direba yana jira. Na hau tankin ruwa na samu sabis na kira ki ɗazu, ban san ko kin ji ni ba kafin ya yanke. Ga shi a rubuce, ki kai wa Babban Likita yanzu, ko yana cikin taro.

Koren da kike gani ba na yau ba ne. Saƙon ƙarshe ne da ya shigo kafin a cire tsohon layi, allon ya tsaya a kansa. Tun ranar babu akwati ko ɗaya da ya iso gare ku. Ta wata ƙofar gefe suke shiga, wadda tsohon kamfanin ya buɗe musu bai gaya wa kowa ba. Katangarmu ba ta san su ba, sai ta ɗauke su ɓarayi ta tare su a waje.

Na tura mutum ya buɗe, amma sai an samu lambobin sirri daga injiniyan tsohon kamfanin, shi kuma ba ya ɗaga wayarmu. Ban san yaushe za a same shi ba.

Kada ku jira mu. Ku kira kowa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai ɗauka ba a je gidansa. Ki fara da Baba.

Ba zan iya tahowa ba, na riga na cire tsohon layin nan, akwai mata biyu a ɗakin haihuwa, sakamakon jininsu ta intanet yake zuwa.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ji ka a waya, kalma biyu kawai, "kira su", sun kuma ishe ni. Kafin takardarka ta iso mun fara. Da Babban Likita ya karanta ta, sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni ya ɗauki ɗaya wayar.

Baba na fara kira. Ya ce, "Ke da yayanki kun mayar da ni ƙwai. Lafiyata ƙalau, je ki nemi marasa lafiya." Na yi hamdala na wuce na gaba.

Yawancinsu sun ɗauka. Wata tsohuwa har faɗa ta yi mini na tashe ta daga barcin rana. Tela ne wayarsa ta yi ta ringin ba a ɗauka. Na shiga motar asibiti muka je shagonsa. Ƙofa a buɗe, fanka tana juyawa, riga tana maƙale a ƙarƙashin allurar keken. Shi kuma yana ƙasa tsakanin keken da bango, tef ɗin awo a wuyansa. Mai shagon kusa ya ce ya zaci sallah ya tafi. Da sauran numfashinsa. Muka ɗauko shi, yanzu yana ɗakin kulawa ta musamman, bai buɗe ido ba.

Da la'asar mutuminka ya samu lambobin ya buɗe ƙofar. Yaya, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Duk saƙonnin da aka tare suka shigo a lokaci guda. Ƙararrawa ta kama kaɗawa ba tsayawa, allon yana yin ja layi bayan layi, masu jira a baranda suka miƙe tsaye, wani yaro ya fashe da kuka. Akwatin tela tun ranar Talata yake kiranmu.

Ina bin sunayen da yatsa sai na ga na Baba. Ja. Tun ranar Laraba, ranar da na same shi da rediyonsa. Na kira Umma, sai a lokacin ta ce jiri ya kwashe shi a banɗaki har sau biyu, ya hana ta faɗa, wai kada a ce aikin ɗansa ne ya jawo.

Mun kawo shi. Yana kwance yana yi wa nas-nas barkwanci, leɓunansa sun yi fari. Likita ya ce wayar na'urar da ke ƙirjinsa ce ta goce, sai an shiga da shi tiyata gobe da safe. Umma tana zaune a bakin gadon riƙe da takalmansa, ta ƙi ajiyewa.

Ban san me zan ce maka ba. Ka yi mana addu'a.

Auta

*

Auta,

Salam. Na karanta. Sabon layin nan ya fara aiki, matan biyu sun sauka lafiya. Na gaya wa maigidanmu ba zan sake taɓa wani reshe ba sai nas ɗin wurin ta zauna da ni ta faɗa mini duk abin da ke shigo mata. Ya ce za mu yi magana. Ya yi duk abin da ya ga dama.

Direba zai juyo nan da rana, shi zan biyo. Ki ba shi amsa ya taho mini da ita, ba zan iya yin tafiyar nan ban sani ba. Kada ki lallashe ni. Yaya Baba? Yaya telan? Kuma in na zo, Umma za ta yarda in shiga ɗakin?

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Tela ya rasu da safiyar nan, 'yarsa tana wurin. Allah Ya jiƙansa.

An shiga da Baba, har yanzu ba su fito ba. Kafin a tura gadon ya tambaya ko ka ci abinci.

Umma ta ce in gaya maka ta ajiye maka wuri a kan bencin, kusa da ita. Ka taho.

Ƙanwarka,
Auta