Ruwan da Ke Fita Daga Baƙin Dutse

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali?

Hankalina a tashe yake. Haƙoran 'yata Auta sun yi ja kamar tsatsa, gwiwoyinta sun fara lanƙwashewa, da safe sai na ɗaga ta. Likita ya duba, tambayarsa ɗaya: ina muke ɗibar ruwa? Na ce a idon ruwan da ke ƙarƙashin baƙin dutse, wanda ya fi na ko'ina haske. Sai ya ce a kai ruwan a auna. Maganar nan ce ta hana ni sukuni.

Ga kwalba ɗaya na aiko. Tunda awon ruwa ne aikinka, yau dai bokonka ya yi mana rana.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Ina amsawa. Sau uku na auna, don ban yarda da na farko ba.

Dutsen nan tsohon aman wuta ne da ya daskare. Ruwan sama yana shiga cikinsa, yana cin sa a hankali shekara da shekaru, ya kwaso wani sinadari, fuloraid, wanda yawansa ke ɓata haƙori da ƙashi. Ba ya da launi, ba ya da wari. Naku ya ninka ƙa'ida sau shida.

Ku daina sha yau. Ku tari ruwan sama. Kada kuma ki ce za ki tafasa: tururi ne ke tafiya, sinadarin ya zauna, ya ƙara ƙarfi.

Ki gaida mai gidan.

Yayanki.

Yaya,

Barka da war haka. Mun daina.

Ban gaya wa babanta abin da zan gaya maka ba. Auta ta zo duniya ba ƙwari, shi ya sa na ware mata tukunyarta. Kowa ya sha daga randa, ita kuwa sai na tafasa nata har ya koma rabi. Shekara shida, ban yi fashin rana ɗaya ba. Har gori nake wa maƙwabta kan ƙazanta.

Jiya ta tambaye ni yaushe za ta koma tsalle da igiya. Tsoro nake ji, Yaya. Ka bar lissafi, ka faɗa mini: ƙafafunta za su miƙe?

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Wannan ce takarda ta huɗu, uku na yayyaga.

Haƙoran ba za su koma fari ba. Ƙafafun, wallahi ban sani ba. Na samo likitan ƙashi, ranar Asabar zan zo in ɗauke ku. Kada ki gaya wa babanta ke kaɗai, ki jira ni.

Yayanki.