Manajanmu Yana Wanke Garwa

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Sai dai abubuwa sun canza a wurin aiki. An haɗe ƙungiyarmu ta masu madara da wasu huɗu, an kawo sababbin shugabanni. Ka tuna manajanmu, dattijon da ya ɗauke ni aiki? Shekara ashirin yana shinshina kowace garwar madara da safe, ya faɗi gonar da ta fito, har ya gane in saniya ba ta da lafiya. Yanzu na'ura ke dubawa. Ranar Litinin na tarar da shi cikin takalmin roba yana wanke garwa, wai ni zan riƙa duba aikinsa! Wallahi na kasa haɗa ido da shi.

An sallami mutum tara. Ni dai in na tambayi matsayina, kullum ana ce mini in dawo gobe. Ka sa ni a addu'a, kada Inna ta ji.

Jiya aka wuce da wata garwa da na'urar ta ce lafiyarta ƙalau. Dattijon ya ja numfashi, ya yamutsa fuska. Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a tambaye ni ba."

Ƙaninka.